Kyanwar Gida da Kujerun Falo

  

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar la'asar, wani magidanci maƙwabcinmu ya tsayar da mu a ƙofar masallaci, ya ja mu gefe kamar mai shirin faɗar babban sirri. Ya ce, "Malam, tambaya gare ni, amma don Allah kada ka yi mini dariya. Akwai laifi in na saka kyanwar gidana a buhu na kai ta bayan gari na sake ta?" Muka tambaye shi abin da ta yi. Ya ce kujerun falo ne sababbi, waɗanda surukinsa ya daɗe yana tara kuɗinsu kafin ya aiko wa ɗiyarsa da su. Ba su yi wata biyu a gidan ba kyanwa ta mai da hannun babbar kujerar tsumma, zare ya zazzago, soso ya leƙo. Uwargida ta ce ko ita ko kyanwa. Ƙaramar ɗiyarsu, wadda ta saba kwana da kyanwar a ƙafafunta, ta wuni tana kuka tun da ta ji zancen buhu. Ita kuwa Hajiya mahaifiyarsa, da aka kai mata ƙara, cewa ta yi mussar nan ta riga kujerun zuwa gidan da shekara huɗu, kuma tun zuwanta ɓera bai sake huda buhun hatsi ba, don haka sai baƙo ya yi haƙuri da ɗan gida.

Ba mu yi dariya ba. Wataƙila wani ya ce wannan fili ya fi ƙarfin zancen kyanwa, amma abin da ya sa mata da miji suka kwana ba sa magana, ya sa yarinya kuka, ya kuma kai magidanci ga shawarar wulaƙanta rai, ya isa a zauna a kansa. Kuma mun san ba gidansa kaɗai ba ne.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, kyanwa ba don ƙeta take kartar kujera ba, ba kuma don ta ɓata wa uwargida rai ba. Allah ya halicce ta da akaifu 18, biyar biyar a ƙafafun gaba, huɗu huɗu a na baya, kuma ba irin namu ba ne. Akaifar kyanwa tana tsirowa ne ɓawo a kan ɓawo, kamar albasa. Idan na waje ya tsufa ya dakushe, dole ta sami wani abu mai kaushi ta kafa shi a ciki ta ja, tsohon ya saɓule, sabo mai kaifi ya bayyana. Wanda ya duba gindin abin da kyanwarsa take karta zai ga ƴan ɓawon nan farare masu siffar jinjirin wata sun zube a ƙasa. Mutane da yawa suna zaton akaifar ce ta karye, alhali kuwa tufa ce ta tuɓe. Bayan wannan, kartar miƙa ce gare ta. Yadda ɗan Adam yake miƙa in ya tashi daga barci, haka ita ma take kafa akaifu a sama ta ja jikinta, jijiyoyin kafaɗa da na baya su warware, shi ya sa aka fi ganinta tana yi da zarar ta farka.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi shafar maƙwabcinmu. A tsakanin yatsun kyanwa akwai wasu ƴan ƙulli masu fitar da wani ƙanshi wanda hancinmu ba ya ji, amma kowace kyanwa tana jin sa. Duk inda ta karta ta bar alama biyu, ta ido da ta hanci, wato ta sa hannu cewa nan gidanta ne. To ku duba: an shigo da wani ƙaton abu tsakiyar gidan da ta shekara huɗu a ciki, yana warin kanti da warin motar da ta ɗauko shi, an ajiye shi daidai inda kowa yake zama. A wurinta babu abin da ya fi shi bukatar a sa masa hannu. Kuma da ta yi sau ɗaya, ƙanshin da ta bari shi ne zai riƙa kiranta ta sake.

Mu da muka tashi a gidan malamai ba mu taɓa sanin kyanwa tana da wannan aibi ba. Mahaifinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, bai taɓa rabuwa da kyanwa a zaurensa ba saboda littattafai, domin ɓera ba ya jin kunyar gafaka, kuma a dare ɗaya yana iya cinye gefen littafin da aka gada kaka da kakanni. Amma ba mu tuna ranar da aka ce kyanwa ta ɓata wani abu ba. Da muka girma muka gane dalili. Akwai dirkar rumfa a ƙofar zaure wadda gindinta ya sha karta har ya yi fari, akwai bedi a tsakar gida, akwai tarin iccen girki a bayan madafa, akwai tsohuwar tabarmar kaba da ba wanda ya damu da ita. Ko'ina ta juya akwai abin karta. Yau kuwa mun koma gidajen siminti, an shafe tsakar gida, an sare iccen don a sami wurin ajiye mota, ƙofofi na ƙarfe, girki da gas. A duk faɗin gidan babu abin da akaifa za ta kama sai kujera da labule da dardumar salla. Masana sun tabbatar da cewa kyanwar gida daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ta samo asali, kuma ɓerayen rumbu ne suka jawo ta kusa da mutane. A shekarar 2004 aka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus inda aka binne mutum da kyanwa kusa da shi, shekaru wajen 9,500 da suka wuce. A duk tsawon wannan zama ba ta bar karta ba, ba kuwa za ta bari a zamaninmu ba. Kyanwar Lami da ake cewa ba ta cizo ba ta yakushi, a bakin mutane kawai take. Gidan ne ya sake, ita tana nan yadda aka halicce ta.

Idan haka ne, duka ba shi da amfani, ko da mun ajiye zancen zunubi a gefe. Kyanwa ba ta haɗa bugun da aka yi mata da rana da kartar da ta yi da asuba. Ko a kan aikin aka kama ta aka jefe ta da takalmi, abin da za ta koya shi ne ta guji mai takalmin, ta jira ya fita. Kuma kyanwar da ke cikin tsoro ta fi yawan karta, domin alamar da take bari ita ce take kwantar mata da hankali. Mai duka yana ƙara wa wutar icce ne bai sani ba.

Zancen buhu kuwa, mun amsa wa maƙwabcinmu da abin da kowane ɗalibi ya sani. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sai ya ce, "To ai ni sakinta zan yi, Malam." Muka ce masa a kula. Kyanwar da aka raina a gida tun tana jaririya, ta saba da ƙwarya da inuwa da ruwan sha, in aka jefar da ita a wurin da ba ta sani ba, tsakanin karnuka da motoci da zafin bazara, sunan abin saki ne kawai. Balle in tana shayarwa, a bar ƴaƴanta a bayan randa suna kuka har su yi shiru. Wanda ya ga lallai ba zai iya zama da ita ba, ya nemi mai bukata ya ba shi hannu da hannu. Ƴan kasuwar hatsi da masu shaguna da masu rumbu ba sa ƙin kyanwa mai kamu.

Akwai wata hanya ta uku da muka fara jin wasu suna ambata, musamman waɗanda suka yi zama a ƙasashen waje, wato a kai ta wurin likitan dabbobi a cire mata akaifun gaba ɗaya. Sunan yana ruɗi. Akaifar kyanwa daga cikin ƙashin ƙarshe na yatsa take tsirowa, ba a iya raba su, saboda haka abin da ake yi shi ne a guntule gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa. Mutum ya dubi hannunsa ya ƙaddara an datse masa kowane yatsa daga gaɓar da ke ƙasan akaifa. Ita kuma kyanwa a kan yatsunta take tafiya. Likitoci sun lura cewa da yawa daga waɗanda aka yi wa haka suna zama da ciwon ƙafa da na baya, suna komawa cizo tunda an raba su da makaminsu na farko, wasu kuma su bar tona ƙasa su riƙa bawali a kan shimfiɗa. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1987 kan kare dabbobin gida ta hana wannan aiki sai don magani, kuma Faransa tana cikin waɗanda suka amince da ita. A Amurka ma, inda abin ya fi yaɗuwa, jihar New York ta hana shi a 2019. Mu kuwa ba mu jira su ba, domin hadisi ya inganta da la'antar mai yanke gaɓoɓin dabba tana raye. Ba mu ga yadda yadin kujera zai zama larurar da za ta halatta wannan ba.

Abin da ya rage shi ne a mayar mata da dirkar da aka raba ta da ita. A kantunan Turai ana sayar da turken karta da kuɗi masu yawa, amma babu abin da ke jikinsa wanda babu shi a unguwarmu. Sharuɗɗansa ne ya kamata a kiyaye, domin yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba, a nan suka kuskure. Ya zama mai tsawo, kamar santimita 80 zuwa 90, yadda za ta tsaya da ƙafafun baya ta miƙe iyakar tsawonta. Ya zama mai kaushi, wanda akaifa take shiga ta kuma fita: guntun icce da ɓawonsa, marar ƙaya, ko katako da aka naɗe tam da igiyar rama ko ta kaba, ko aka lulluɓe da buhun algarara. Igiyar roba ba ta yi, santsi gare ta. Sharaɗin da ya fi duka shi ne kada ya motsa. Abin da ya sa ta zaɓi kujera tun farko shi ne nauyinta, in ta ja ba ta biyo ta. Turken da ya yi rawa sau ɗaya, ko ya faɗo mata, ba za ta sake kusantarsa ba. A kafa shi a cikin babban gwangwani a zuba siminti, ko a buga shi a kan faffaɗan katako, ko a ɗaure shi a jikin ginshiƙi. Mun ga wata baiwar Allah da ta yi dabarar da ta fi tamu: tsohon turminta da ya tsage ta kife, ta naɗe shi da igiya tun daga ƙasa har sama, kyanwa ta sami wurin karta a jiki da wurin zama a kai.

Sai dai kafin a wahala, a ɗan zuba mata ido kwana biyu, domin ba duka halinsu ɗaya ba. Wadda take kartar hannun kujera da labule mai son tsaye ce, turke za a yi mata. Wadda take kartar darduma da kafet mai son kwance ce, ita guntun icce za a shimfiɗa mata a ƙasa, ko tsohuwar tabarma, ko a yayyanka kwali a jera shi a tsaye a matse cikin akwati, bakin yankan yana sama. Kada kuma a lulluɓe turken da ragowar yadin kujera ko guntun kafet ɗin ɗaki, don ba za ta gane dalilin da ya sa wannan ya halatta wancan ya haramta ba.

Wurin ajiyewa shi ne inda aka fi samun saɓani da uwargida, domin ba mai son ganin kututture a falonta. Amma in aka kai shi bayan gida kusa da makewayi, an yi aikin banza. Alama ce take son bari, ba a kuwa kafa alama a inda ba mai gani. Da farko dole a ajiye shi dab da hannun kujerar da take karta, in da hali a yi na biyu kusa da inda take barci. Bayan ta kama shi sosai, sai a riƙa gusar da shi kaɗan kaɗan, kamar taƙi ɗaya a yini, har ya isa lungun da aka yarda da shi. A lokaci guda kuma a sa kujerar ta fita daga ranta. A wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulu don ƙanshin da ta bari ya gushe, a rufe shi da leda mai kauri ko takardar alminiyam ko wani yadi mai santsi, a ɗaure da kyau. Yawancinsu ba sa son warin ɓawon lemo, ana iya ajiye shi a gindin kujerar, amma a nisanci fesa mata turare ko maganin sauro ko zuba barkono, wannan cutarwa ce. Dabarar da ta fi kowace sauƙi kuwa, wadda mutane suke mantawa, ita ce a rufe ƙofar falo da dare da lokacin da ba kowa. A lura, falon ake rufewa, ba kyanwar ake kullewa a ɗaki ba.

Kada a kama ƙafafunta a goga a jikin turken da ƙarfi, yin haka yana sa ta tsane shi. A bar wa yara wannan aiki, sun fi mu iyawa. Su ɗaura gashin kaza a zare su riƙa jan sa a jikin turken, in ta kai cafka akaifarta za ta shiga igiyar, ta ji daɗin wurin da kanta. Duk lokacin da ta karta a nan, a shafa ta, a ba ta ɗan guntun busasshen kifi a take. Ba kilishi ba, ba naman miya ba, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. In an gan ta ta nufi kujera, a tafa hannu sau ɗaya, a ɗauke ta ba faɗa a kai ta wurin turke. Ƴar ƙarama takan koya cikin kwanaki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babba tana iya ɗaukar makonni. Kuma idan turken ya tsufa ya yi buzu-buzu, kada mai shara ta jefar da shi, a lokacin ne ya fi daraja a wurin mai shi.

Game da rage tsinin akaifa, wannan daban yake da cirewa, kuma ba shi da zafi in an iya. Ana jira sai ta natsu, a matsa tafin ƙafar a hankali akaifar ta fito. In aka duba a haske za a ga wani ja-ja a cikinta ta wajen gindi, nan ne jini da jijiya suke, ba a kusantarsa. Farin tsinin da ya lanƙwasa kawai ake cirewa, da abin yankan akaifa mai kaifi, ba da reza ba, kamar sau ɗaya a mako biyu ko uku. In ta gaji bayan yatsa biyu a sake ta, gobe ma rana ce. Idan aka yi kuskure jini ya fito, a danna wurin da ɗan garin masara ko tsumma mai tsabta. Muna roƙo da babbar murya kada a ba ta parasetamol don tausayi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. A ra'ayinmu ma, kyanwar da take fita waje, kamar yawancin namu, gara a bar mata akaifunta yadda suke, da su take hawa katanga in kare ya biyo ta, da su take aikin da aka ajiye ta dominsa. Yankan ya fi dacewa da wadda ba ta fita, da kuma tsohuwa, wadda akaifarta kan yi kauri ta lanƙwashe har ta soki tafin ƙafarta.

Wata uwa ta taɓa tambayarmu ko dardumar da kyanwa ta karta ko ta kwanta a kai tana sallatuwa. Tana sallatuwa. Imam Malik ya kawo hadisin Abu Ƙatada a cikin Muwaɗɗa, wanda ya nuna kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Bawalinta da kashinta ne ake wankewa. Amma wadda ta naɗe dardumarta ta ɗora a sama bayan salla ta huta da tambayar, ta kuma huta da sayen sabuwa.

Tunda zancen akaifa ake yi, kada mu manta da fatar yara, wadda ta fi yadin kujera tsada. A hana su wasa da kyanwa da hannu tsirara ko jan wutsiyarta. In ta yakushi yaro a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, in kuma bayan kwanaki aka ga kaluluwa ta fito masa a hammata ko wuya, ko zazzaɓi, a kai shi asibiti a faɗi abin da ya faru. Idan baƙuwar kyanwa ce, ko ta gida da ba a yi wa allura ba kuma halinta ya sake, to Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke ciwon minti 15 a tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma yakushi ma yana iya ɗaukarsa. Allurar rigakafinsa tana wurin likitocin dabbobi.

Maƙwabcin namu ya sami guntun bedi wurin masu faskare, ya kai wa magini ya kafa masa a cikin tsohon gwangwanin fenti. Uwargida ta yarda da sharaɗin cewa in baƙi za su zo a fitar da shi tsakar gida. Ƙaramar ɗiyar ce ta karɓi aikin gashin kaza. Da muka haɗu da shi ranar Juma'ar da ta wuce, ya ce kwana tara na farko kyanwar ko kallon kututturen ba ta yi ba, sai ran na goma da asuba ya ji ƙarar karta, ya fito da takalmi a hannu, ya tarar a jikin iccen take. Ledar tana nan a hannun kujera, sun ce sai bayan wata guda za su cire. Gyaran yadin da ya riga ya yage kuwa, har yanzu ana jayayya a kan wanda zai biya, kuma Hajiya ta ce kada a sake a tambaye ta.